Dala: Dutsen da Ya Haifi Kano, Kano Kuma Tana Cinye Shi

Birnin Katsina shimfiɗe yake kamar faifai. Mutum zai taso daga Ƙofar Sauri ya ratsa gari har ya fita ta Ƙofar Ƙaura bai hau tudun da zai sa shi haki ba. Shi ya sa da magabatanmu suka buƙaci wurin hango nesa, sai da suka gina shi da hannunsu, wato hasumiyar Gobarau, wadda tarihin baka ke dangantawa da zamanin Muhammadu Korau a ƙarni na 15, tsayinta kuma kimanin mita 15 ne.

Kano ba ta sha wannan wahalar ba. Tafiyar kilomita kusan 170 daga nan, Allah ya ajiye mata nata wurin hangen tun kafin a aza tubalin farko. Dutsen Dala yana tsaye a tsakiyar tsohon birni, gidaje sun kewaye shi ta ko'ina. Ana ƙiyasta ƙololuwarsa da mita 534 daga doron teku, amma da yake Kano kanta a kan tudu take, tashinsa daga gindi bai wuce 'yan gomiyoyin mitoci ba. Mai lafiya zai haye shi cikin 'yan mintoci. Duk da haka, da wuya a sami wani yanki na ƙasa a Hausa da ya ɗauki nauyin tarihi kamar wannan ɗan tudu.

Manyan biranen duniya da suka yi dace da dutse a cikinsu sun mai da shi wurin shaƙatawa da makarantar tarihi. Mu kuwa da yawa daga cikinmu mun yi shekaru muna shiga Kano, mun san Kwari da Singa da Sabon Gari lungu-lungu, amma ba mu taɓa taka Dala ba. Kowane zamani a tarihin Kano ya san amfanin da yake yi da wannan dutse. Zamaninmu ne na farko da bai yanke shawarar abin da zai yi da shi ba, kuma abin da ba a san amfaninsa ba a cikin birni mai cunkoso, ƙarshensa a cinye shi.

Me ya tara mutane a gindinsa

Dala ba irin Kufena na Zariya ba ne. Kufena falalen dutse ne mai tauri. Dala kuwa, da ɗan'uwansa Goron Dutse, tudun jar ƙasa ne mai hular marmara a ka. A cikin wannan marmara akwai tama, wadda ake narkawa a fitar da ƙarfe. Binciken masu haƙar kayan tarihi ya gano ragowar matoyar tama a gindin Dala, kuma awon kimiyya ya nuna ta kai wajen ƙarni na 7 na Miladiyya. Wato a daidai ƙarnin da Musulunci ke bayyana a Makka da Madina, akwai mutane a nan suna hura wuta suna fitar da ƙarfe. Tarihin baka na Abagayawa ya yi daidai da wannan: suna cewa kakansu maƙeri ne mai suna Kano, wanda ya taso daga Gaya neman tama, ya same ta a Dala ya zauna.

Mai ƙarfe shi ke da fartanya da gatari da kan mashi, wato noma da sharar daji da yaƙi. Ga kuma ruwa: abin da ya sauko daga kan tudu da damina yakan taru a ƙasa, ya ciyar da fadamar Jakara. Ga tsaro, domin wanda ke bisa yana hango ƙurar mahara tun suna nesa. Ga kuma imanin mutanen wancan lokaci cewa duwatsu mazaunin iskoki ne.

Farfesa Abdullahi Smith na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ya kafa Gidan Arewa a Kaduna, ya jawo hankalin masana ga wannan haɗuwa tun a 1970. A ganinsa, birane da sarautun Hausa sun tsiro ne a hankali daga irin waɗannan wurare, inda tama da ruwa da tsaro da bauta suka haɗu, maimakon a ce wani baƙo ne ya zo da su rana ɗaya. Misalai suna da yawa: Turunku da Kufena a ƙasar Zazzau, da Kwatarkwashi wadda a yau take Zamfara, amma a da tana cikin ƙasar Katsina. Ɗalibinsa, Dakta Yusufu Bala Usman, ya bi wannan hanya wajen nazarin asalin Katsina, tun daga Durɓi ta Kusheyi. Abin da ya bambanta Dala shi ne garin da ya haifa bai tashi ya bar shi ba. Ya yi ta girma a kewayensa sama da shekara dubu.

Barbushe, da yadda ya kamata a karanta labarinsa

Mafi yawan abin da ake faɗa game da mutanen Dala na farko daga littafi ɗaya ya fito, wato kundin tarihin sarakunan Kano da aka rubuta da Larabci, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908. Kundin ya ce wani ƙaƙƙarfan mafarauci mai suna Dala ne ya fara gina gida a kan dutsen, kuma daga zuriyarsa aka sami Barbushe, babban mai tsafin Tsumburbura. Mazaunin Tsumburbura wata bishiya ce da ake kira Shamus, an kewaye ta da katanga, ba mai shiga sai Barbushe. Shi kuma ba ya saukowa daga dutse sai kwana biyu a shekara. A ranakun nan jama'a kan taru a gindin Dala daga kowace kusurwa da baƙin kare da baƙar kaza da baƙin bunsuru, a yi yanka, ya shiga ya fito ya faɗa musu abin da shekara za ta zo da shi.

Akwai wani yanki na labarin da ba a cika kula da shi ba, alhali ya fi tsafin muhimmanci ga mai nazarin tarihi. Kundin ya jera manyan mutanen Barbushe da sana'o'insu: Gijigiji maƙeri ne, Bugazau mai dafa giya, Hanburki mai magani, Ɗanbuntuniya mai gadin gari da dare, Maguji kuma mai haƙar tama da narka ta. Al'ummar da ke da maƙeri daban, mai magani daban, mai gadi daban, ta wuce ƙauyen mafarauta. Gari ne da ya riga ya raba aiki, yana da shugabanci da doka, tun kafin zuwan Bagauda.

Sai dai a riƙe abu biyu. Na farko, kundin a siffar da muka same shi ya tsaya ne a kan Sarki Muhammadu Bello, a ƙarshen ƙarni na 19, wato ɗaruruwan shekaru bayan abubuwan da yake ba da labari. Marubucinsa Musulmi ne, yana kallon mutanen da ta tagar zamaninsa, har ma ranakun saukowar Barbushe da sunan Idi ya kira su. Na biyu, shekarar 999 da ake cewa Bagauda ya zama sarki ba ta cikin rubutun Larabcin. Kundin tsawon mulkin kowane sarki kawai ya bayar, Palmer ne ya yi ta tarawa yana komawa baya har ya dira a kan wannan lamba. Don haka shekarun da za su biyo baya na ƙiyasi ne, ana amfani da su don a gane wa ya riga wa.

Yadda mulki ya sauko daga bisa

Zuriyar Bagauda ba ta kawar da mutanen Dala da zuwanta ba. An daɗe ana zaman doya da manja, sarauta a hannu ɗaya, asirin ƙasa a wani hannun. Sarki Gijimasu (1095 zuwa 1134) ne ya fara gina badala, kuma da'irar farko Dala ta kewaye. Wannan kaɗai ya isa shaida cewa a lokacin, tsare Kano yana nufin tsare dutsen.

Sarki Tsamiya (1307 zuwa 1343) shi ne kundin ya ce ya afka wa wurin tsafin da yaƙi ya rushe katangarsa. A zamanin Yaji (1349 zuwa 1385) aka ce Wangarawa sun iso daga Mali ƙarƙashin Abdurrahman Zaite, suka kawo salla da alƙalanci, ko da yake wani tsohon rubutun ya kai zuwansu zamanin Rumfa. Unguwar Madabo, wadda ta zama cibiyar karatunsu, tana nan kusa da Dala. Sauyin bai zo a dare ɗaya ba, domin kundin ya nuna Sarki Kanajeji ya sake komawa ga masu tsafi da yaƙi ya yi masa tsanani.

Wanda ya raba gardama shi ne Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), sarkin da Shehu Magili ya rubuta wa nasiha kan mulki. Rumfa ya faɗaɗa badala, ya gina sabuwar fada a kudu, nesa da inuwar Dala, wadda har yau ake kira Gidan Rumfa. Ya kafa Kasuwar Kurmi a bakin Jakara, kuma sunan kasuwar kansa yana tuna kurmin da ke wurin, wanda mutanen da suke girmamawa. A zamaninsa aka sare bishiyar tsafi aka gina hasumiyar masallaci a gurbinta. Daga nan zuciyar Kano ta koma tsakanin fada da masallaci da kasuwa. Dala ya rasa mulki, ya rasa bauta, amma bai rasa aiki ba: ya zama wurin hango abokan gaba, unguwar da ke gindinsa kuma ta zama masaukin fatake.

Abin da baƙi suka hango

Hugh Clapperton ya shiga Kano a Janairun 1824, zamanin Sarki Ibrahim Dabo, kuma ya ambaci duwatsu biyun da ke cikin badala. Amma wanda ya bar mana hoto shi ne Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdulkarim. Ta Katsina ya biyo a farkon 1851. Ya yi mamakin girman ganuwarmu, amma ya tarar da yawancin cikinta fili ne da gonaki, ya ƙiyasta mazauna ba su wuce dubu bakwai zuwa takwas ba, saboda yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan jihadi tsakanin Katsina da Maraɗi sun kori fatauci zuwa kudu.

Da ya isa Kano a watan Fabrairu, a unguwar Dala aka sauke shi, inda Larabawa 'yan kasuwa, musamman mutanen Gadamas, suke zaune. Ya hau dutsen ya zana birnin: soraye da bukkoki, dabino jefi-jefi, ruwan Jakara, da sarari mai yawa tsakanin gidaje da badala. Ya ƙiyasta mazauna dubu talatin, suna ninkawa a lokacin fatauci. Wannan zane, wanda ya fito a littafin tafiyarsa a 1857, yana cikin tsofaffin hotunan Kano da ake da su. Wanda ya riƙe shi a waya ya tsaya inda Barth ya tsaya, zai ga aikin shekara 170 da ɗoriya a kallo ɗaya: sararin nan duk ya zama rufin kwano.

Bayan Turawa sun ci Kano a ranar 3 ga Fabrairu, 1903, kuma jirgin ƙasa ya iso a 1911, nauyin birnin ya ƙara karkata zuwa wajen badala, Fagge da Sabon Gari da Nasarawa da Bompai. Goron Dutse ya sami sabon aiki, aka ɗora masa tankunan ruwa, gidan yari kuma ya ɗauki sunansa. Dala kuwa sai ya koma cikin harshe. Da aka fara jibge buhunan gyaɗa suna tashi sama a zamanin su Alhassan Ɗantata, Bahaushe bai nemi wata kalma ba, ya ce dalar gyaɗa. Gine-ginen Fir'aunonin Masar ma dala muke ce musu. Akwai Ƙaramar Hukumar Dala, akwai Asibitin Ƙashi na Dala, akwai kamfanoni da makarantu barkatai masu sunan. Sunan ya bunƙasa, mai sunan yana ramewa.

Abin da mai hawa zai tarar yau

Ana isa gindin dutsen ta cikin lunguna, sannan a bi matakalar siminti zuwa sama. Kan nasa a baje yake. Daga nan ana hango koren ƙubbar Babban Masallacin Juma'a da hasumiyoyinsa, da Gidan Rumfa, da cunkoson Kurmi, da Goron Dutse ta yamma, da jiragen da ke sauka filin Malam Aminu Kano. Lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen damina, kafin hazo ya sauko, bayan La'asar. Wanda ya jira har Magariba zai ji kiran salla yana tashi daga ɗaruruwan masallatai a lokaci guda, a ƙarƙashin dutsen da aka taɓa yanka baƙin bunsuru a gindinsa. Babu darasin tarihin da ya kai wannan shiga jiki.

Amma zai ga wani abin kuma. Marmara ba ta da taurin dutsen Kufena. Kowace damina ruwa yana yanka kwazazzabai a jikin tudun yana tafiya da ƙasa. Gidaje sun matso har sun jingina da shi. Jaridu sun sha kawo rahoton shara da ba-haya da matasa masu shaye-shaye da suka mai da wasu sassansa maɓoya, abin da ke hana magidanci ya kai iyalinsa. Tun 2007 Najeriya ta sa badalar Kano, haɗe da Dala da Kurmi da fadar sarki, a jerin share fage na wuraren tarihin duniya na UNESCO, amma ba su tsallaka zuwa babban jerin ba, inda Sukur ta Adamawa ta shiga a 1999, kurmin Osun na Osogbo kuma a 2005. Hukumar ba ta karɓar wuri don tsufansa kawai. Tana neman shatacciyar iyaka da tsarin kulawa mai aiki.

Yadda wasu suka yi da nasu

Birnin Montreal na Kanada daga dutsen da ke tsakiyarsa ya samo suna. Da masu filaye suka fara sare itatuwansa, hukumar birni ta sayi ƙasar, ta ɗauko Frederick Law Olmsted, wanda ya tsara babban lambun tsakiyar New York, aka buɗe wurin ga jama'a a 1876. Har yau dokar gini ta birnin ba ta yarda bene ya zarce ƙololuwar dutsen ba. A nan gida, Abeokuta ma'anar sunanta ƙarƙashin dutse, domin a Olumo Egbawa suka fake wajen 1830, kuma an gyara wurin har da na'urar hawa a 2006.

Misalin da ya fi kusa da halinmu shi ne na Alƙahira. A gefen tsohon birni, kusa da Azhar, akwai tudun Darasa, wanda juji ne da aka yi shekara 500 ana zuba masa shara da ɓaraguzai. Gidauniyar Aga Khan ta ɗauki nauyin mai da shi lambu mai faɗin hekta 30, aka buɗe a 2005. An gina manyan tankunan ruwa uku a cikinsa an lulluɓe su da shuke-shuke. Garin kwashe shara aka tono ganuwar zamanin Salahuddin mai tsawon kusan kilomita ɗaya da rabi, aka gyara ta. Mafi muhimmanci, an haɗa aikin da gyaran unguwar talakawa ta Darbul Ahmar da ke maƙwabtaka, aka koya wa 'ya'yanta sana'o'in gini da sassaƙa, suka ci abinci a wurin. Tudu, tankunan ruwa, tsohuwar ganuwa, unguwa mai cunkoso: duk Kano tana da irinsu. Su daga juji suka fara. Dala kuwa da tarihinsa ya zo.

Tsoron da ba a faɗa, da aikin da ke gaba

Akwai dalilin da ke sa wasu ɗari-ɗari da maganar raya Dala, ko da ba su furta ba: suna ganin kamar raya sunan Tsumburbura ne. Damuwar ta cancanci amsa. Malamin da ya rubuta kundin tarihin Kano Musulmi ne, a cikin daular Usmaniyya ya rayu, kuma bai ga laifin fara littafinsa da Barbushe ba, domin ya san ba a gane darajar inda aka iso sai an san inda aka taso. Wanda ya goge babin Barbushe ya rage wa Yaji da Wangarawa da Rumfa girman aikinsu. Tsafin ya mutu ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Abin da ya rage shi ne shaidar cewa kakanninmu sun iya narka ƙarfe, sun iya tsara gari, tun kafin wani Bature ya san da su.

Aikin kuma bai kai tsadar gadar sama ɗaya ba. A shata iyakar dutsen a doka, a kafa alamomi, a tsayar da gini a nan. A yi magudanun ruwa, a dasa itatuwa da ciyayi masu riƙe ƙasa. A ɗauki 'yan unguwa aikin gadi da shara da yi wa baƙi jagora, da sa hannun masu unguwanni, don wanda ke cin abinci a wuri shi ke tsare shi. A kafa alluna da boko da ajami, a sa zanen Barth a inda ya tsaya, a gayyato maƙera su nuna yadda ake narka tama. A hana dogayen benaye tare hangen masallaci da fada. Sannan a guji abin da muka saba kira gyara, wato a malale wuri da siminti a jera shaguna. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Mu Katsinawa ba mu da bakin yi wa Kanawa dariya. Ganuwar da ta ba Barth mamaki saura gutsattsari, an yanka ta fuloti-fuloti muna kallo, ƙofofin da suka rage kuma yawancinsu sabon gini ne a tsohon gurbi. Ƙofa ana iya sake ta da bulo a rubuta mata tsohon suna. Ƙasar da ruwa ya kwashe daga jikin Dala, da matoyar tamar da aka haƙa harsashin gida a kanta, ba mai dawo da su. Duk wanda hanya ta kai shi Kano da yaransa a wannan kaka, ya ware awa biyu bayan La'asar, ya nemi ɗan unguwa ya raka su, su hau. Masu yanke shawara sun fi jin kunyar wurin da jama'a ke zuwa.